Yoyon Haske a Monitar Mu'azu

Kun ce kuna son buɗe shagon sayar da kayan kwamfuta da gyaransu, kuma ɗayanku ya ce mini aikin ba shi da wuya, wai duk abin da ya lalace akwai bidiyon gyaransa a waya. To ku gyara zama. Sunana Ummaru, amma duk Ƙofar Taramniya Baba Mai Rediyo ake ce mini, ko da yake rabona da buɗe rediyo har na manta. Na fi shekara talatin a wannan sana'a, kuma aikin da ya fi wahalar da ni a cikinta ba wata na'ura ce da ta ƙone ba. Sabuwar monita ce, wato allon kwamfuta, fil daga kwalinta, wadda babu abin da ya mutu a jikinta. Zan zo kanta, amma sai kun fara jin inda na fito.

Maigidana Oga Bitrus ne, Kirista mutumin Filato, wanda ya daɗe a Sakkwato har Sakkwatancinsa ya fi na wasu 'yan gari. Mahaifina ya kai ni wurinsa bayan na gama firamare. Shekarar farko bai bar ni na taɓa ayan ɗin narka dalma ba ko sau ɗaya. Aikina shara, da ware noti a gwangwanayen madara, kowane girma da gwangwaninsa, sai kuma riƙon madubi. Ku ba ku san wannan ba. Talabijin ta lokacin mai ƙusumbi ce, mai gyara yana zaune a bayanta ba ya ganin fuskarta, don haka sai wani ya tsaya a gaba da madubi yana haska masa hoton. Na yi wata da watanni ina tsaye riƙe da madubi, shi kuwa yana cewa in ɗaga, in sauke, in daina numfashi kamar jaki.

Wata rana aka kawo talabijin daga gidan wani ɗan kasuwa, Oga Bitrus ya cire ta daga wuta ya fita sayen abinci. Na ga dama ta samu, na ɗauki sukudireba na zura a bayan kwalbar da ke nuna hoto. Ban san irin wannan talabijin tana riƙe wuta a cikinta ko an kashe ta ba. Sai dai na tsinci kaina a jikin bango, bakina yana ɗanɗanon ƙarfe. Da ya dawo ya ga yadda nake, talabijin ya fara dubawa kafin ya dube ni. Da ya tabbatar ban yi mata komai ba, sai ya ba ni ruwa, ya zaunar da ni ya faɗa mini dokokinsa biyu. Ta farko, kada in taɓa kayan mutane ina cikin fushi ko gaggawa. Ta biyu, kada in buɗe abin da kamfani bai gama ɗaukar nauyinsa ba, wato wanda garantinsa bai ƙare ba. Ya ce duk sauran ilimin sana'ar, mitar auna wuta da ayan da filaya da hanci za su koya mini. Hanci kuwa da gaske yake, har yau ina gane abin da ya ƙone a na'ura tun kafin in kwance noti.

Shekarar da ta fi muni ita ce wadda talabijin masu faɗi marasa ƙusumbi suka cika kasuwa. Mutane suka daina gyara, sai dai a ajiye tsohuwa a sayi sabuwa. Shagonmu ya cika da tsofaffin talabijin da muka gyara masu su suka ƙi dawowa ɗauka, har wurin shimfiɗa tabarmar salla sai da na nema. Oga Bitrus idonsa ya riga ya fara rauni, ya ce shi ba zai koma makaranta da furfura ba, ya tattara ya koma garinsu, ya bar mini ayan da mita da bencin aiki. Na yi watanni ina gyaran fanka da dutsen guga, ina cajin wayoyin mutane. A ƙarshe na kulle shagon na tafi Kano, na zauna gaban wani matashi sa'an ɗana na fari yana koya mini sabuwar na'ura, yana ce mini, "A'a Baba, ba haka ake riƙewa ba." Na haɗiye, na koya. Da na dawo sai na haɗa gyara da sayarwa, ina yin odar monita da kayan kwamfuta daga wani dila a Legas.

Abin da na koyo a can, wanda ya kamata ku sani kafin labarin ya yi muku ma'ana, shi ne yadda irin wannan monita take yin baƙi. A bayan gilashin akwai jerin ƙananan fitilu da ba sa mutuwa muddin monitar tana kunne. Gilashin gaban kamar labule yake, in ana son fari ya buɗe, in ana son baƙi ya rufe. To labule duk kaurinsa, in an ja shi ya ɗan karkace, rana za ta leƙo ta gefe. Haka nan in firam ɗin da ya riƙe gilashin ya matse wani wuri fiye da wani, sai haske ya tsiyayo ta gefen ko ta kusurwa. Shi muke kira yoyon haske. Ba ya nufin monita ta lalace, kuma da wuya ka samu wadda ba ta da shi ko kaɗan. Wata nata ba ya ganuwa, wata kuwa ya yi yawa. Sai an buɗe kwali ake sanin rabon kowa.

Mu'azu ɗan Malam Haliru ne na Ƙofar Kware. Malam tsohon alƙali ne, kuma tun zamanin Oga Bitrus mu ke gyara masa rediyo. Shi Mu'azu ma'aikacin gwamnati ne, bai kai talatin ba, yaro mai ladabi wanda ba ya wuce shagona bai tsaya ya gaishe ni ba. Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne gem na kwamfuta, irin wanda ake fafatawa da mutanen wasu ƙasashe ta intanet. Ya zo mini da suna da lambar monitar da yake so a rubuce a wayarsa, babba ce mai lanƙwasa kamar ɓarin ƙwarya, an yi ta musamman don gem. Ya ce ya daɗe yana tara mata. Na yi oda, bayan kwana goma ta iso. A gabansa na yanke selotef ɗin kwalin, muka kunna ta nan kan wannan benci da rana tsaka. Hoto kamar ka sa hannu ka ɗauka. Ya yi godiya, ya sa ta a keke napep ya tafi.

Kwana biyu sai ga hoto ya shigo wayata. Baƙin allo ne, amma kusurwoyinsa huɗu suna ci da haske kamar an hura murhu huɗu. A ƙasa ya rubuta, "Baba Ummaru, dibi abin da kas sayar min." Na ce ya kawo ta.

Da ya kawo muka kunna, babu abin da ake gani. Ya ce ai sai a cikin duhu. Muka kwashe ta zuwa ɗakin ajiya na baya, na rataya tsohon bargo a taga, muka rufe ƙofa. Wannan fa tsakiyar bazara ce, azahar ba ta yi ba, kuma babu fanka a ɗakin. Mu biyu muna tsaye gumi yana bin ƙafafunmu, ya ƙure hasken monitar har ƙarshe, ya sa baƙin hoto. Na duba da kyau. A kusurwar hagu ta ƙasa akwai yoyo, faɗin yatsu uku, ruwan ɗorawa-ɗorawa. Sauran kusurwoyin ukun kuwa ƙyalli ne kawai. Na ce ya matsar da kansa dama da hagu. Ya matsar, ƙyallin ya bi shi yana canza wuri, amma na kusurwar hagu ya tsaya inda yake. Na bayyana masa cewa wanda ke yawo in ka motsa halin gilashin ne, duk irinta haka suke, wanda ya tsaya cak shi ne yoyon gaskiya, kuma nasa bai kai a ɗaga murya ba.

Maimakon ya amsa sai ya ciro waya ya sake ɗaukar hoto, ya nuna mini murhun nan huɗu. Na ce masa kamarar waya in ta shiga duhu buɗe ido take yi ta ninka duk ɗan hasken da ta samu, ko ashana ka kunna za ta mai da ita gobara. Na ce ga monitar a gabansa, ga idonsa, me zai sa ya tambayi waya? Ya ce kamara ba ta ƙarya. Wannan magana na ji ta daga bakin matasa ya fi a ƙirga, kuma duk ranar da na ji ta sai kaina ya yi ciwo.

Na ba shi shawarar da nake ba kowa. Ya rage hasken zuwa kashi ɗaya cikin uku, don babu mai hankalin da ke ƙure shi a ɗaki mai duhu. Ya ajiye ƙaramar fitila a bayan monitar tana haska bango. Ya zauna daidai tsakiyarta, nisan hannu guda. Sannan ya ba ta mako biyu, don kayan da suka sha jijjigar hanya da zafi daga Legas zuwa nan, wani lokaci firam ɗin kan saki da kansa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce gem ɗin da yake yi kusan duk a cikin kogo da rami ake yinsa, kuma abokin gaba a kusurwa yake laɓewa. Jiya ma an cire ƙungiyarsu daga wata gasa saboda bai ga mutumin da ya ɓuya daidai wurin hasken ba, abokan wasansa suna ta yi masa tsiya. A nan kam yana da gaskiyarsa. Mutum ya sayi abu sabo don aiki guda, in ya ce bai yi masa aikin ba, ba ka da bakin cewa ya yi. Na dai gargaɗe shi cewa canji sa'a ce, wadda za a turo tana iya fin wannan. Ya ce ya ji ya gani.

Dilan Legas da farko ƙi ya yi. Ya ce kamfani ba ya lissafa irin wannan a matsayin aibi, in allo bai mutu ba babu canji. Kwana uku ina kiransa, ina tuna masa shekarun da muka yi tare, kafin ya yarda, da sharaɗin sau ɗaya tak. Na mayar da monitar kwalinta, kowane soso a mazauninsa, na kai tasha da kaina. Mako uku aka yi kafin wata ta iso, kuma a mako ukun nan babu ranar da Mu'azu bai kira ni ba. Har na gane ƙarar wayata in shi ne.

Da ta iso muka koma ɗakin bargo. Na kunna. Kusurwar hagu tsaf, babu komai. Amma a gefen sama akwai yoyo wuri biyu, kowanne ya fi na farkon girma, fari tas kamar an haska tocila ta ƙarƙashin ƙofa. Mu'azu ya juyo ya dube ni. Na kira Legas a gabansa, dila ya ce mun yi magana sau ɗaya, kuma ta farkon ma har an saye ta. Mu'azu ya ɗauki kayansa ya fita, ranar ce ta farko da ya bar shagona ba sallama.

Bayan kwana biyu telan da ke maƙwabtaka da ni ya shigo da wayarsa a hannu, ya ce in ga wani abu. Mu'azu ya rubuta a guruf ɗinsu na 'yan gem a waya cewa akwai wani tsoho a Taramniya da ke zuba tsofaffin kaya a sabon kwali yana sayar wa mutane, ya haɗa da hoton nan na kamara. Bai kama suna ba, amma tsoho nawa ne ke sayar da monita a Taramniya? Daga guruf ɗin maganar ta fita ta zaga gari. Kafin la'asar wani malamin jami'a da ke shirin buɗe wurin buga takardu a Kwalkwalawa, wanda muka gama magana zan kawo masa monitoci, ya kira ya ce a dakata tukuna. Na san ma'anar dakatawar. An ce mini mai tsada a sana'ar nan, an ce mini mai jinkiri, an ce mini mai faɗa, duk na amsa. Amma ba a taɓa ce mini macuci ba sai ranar.

Na kira Mu'azu na ce ya aiko mini da monitar, zan gyara masa ita da hannuna. Ya aiko. Akwai dabarar da ake yi wa yoyon haske, kuma na san ita ce kuke gani a bidiyo. Ana sassauta notin baya, a ɗaga firam kaɗan don matsin ya ragu, sannan a shafa wurin a hankali da ƙyalle mai laushi. Na sha yi wa tsofaffin monitocin ofis ya yi. Amma ban taɓa yi wa mai lanƙwasa ba, ban kuma taɓa yi wa sabuwa ba. Dokokin Oga Bitrus biyu suna kaina sarai, na taka su duka a zama ɗaya. Na yanke tambarin garanti, na sa tsohon katin banki na ɓamɓare murfin baya, na sassauta noti huɗu na sama rabin juyi kowanne. Na kai ta ɗakin duhu na gwada. Yoyon farko ya ragu da rabi.

A nan ya kamata in tsaya. Amma ni so nake in mayar masa da ita baƙi ƙirin, in ajiye a gabansa in ce ya ɗauki hoton ya tura guruf. Na naɗe ƙyalle a babban yatsa na fara shafa wuri na biyu. Bai motsa ba. Na ƙara ɗan nauyi. Sai na ji ƙas, ƙaramar ƙara kamar an fasa ɓawon gyaɗa. Da na ɗaga yatsa, wani baƙin tabo kamar tawada ta zube yana yaɗuwa, ga layuka ja da kore sun sauko daga sama har ƙasa. Gilashin mai lanƙwasa a ɗame yake tun daga kamfani, nauyin da mai faɗi zai ɗauka shi ba ya ɗauka. Wanda ya yi bidiyon da kuke kallo ba zai nuna muku guda nawa ya fasa kafin ya samu wadda ya ɗauka ba.

Akwai ƙarya uku da masu sana'ar nan suke fakewa da su in irin haka ta faru. Ko a ce wuta ce ta zo da ƙarfi, ko a ce mai keken da ya kawo ta ne ya buga ta, ko a ce dama da tsagar ta zo. Duk ukun da na faɗa da an yarda. Amma mutumin da ake kira macuci a gari, in ya yi ɗaya daga cikinsu ya gama tabbatar da sunan. Bayan la'asar na sa monitar a kwali, na hau keke napep zuwa Ƙofar Kware.

Na ishe Malam Haliru a zaure ya sallami ɗalibansa. Bai san komai a kan zancen ba. Bayan mun gaisa na faɗa masa duk yadda aka yi tun daga farko, har da abin da na yi da yatsana. Ya sa aka kira Mu'azu. Ban taɓa ganin Malam a kotu ba, amma ranar na ga yadda yake yi. Bai ɗaga murya ba, tambaya kawai yake jefawa ɗaya bayan ɗaya.

"Mu'azu, gabanka anka buɗe kwalin ko bayanka?"

"Gabana, Malam."

"Duka biyun?"

"Duka biyun."

"To mi ah hujjarka ta cewa tsohon kaya na?"

Mu'azu ya sunkuyar da kai ya ce rai ne ya ɓaci. Malam ya ce ɓacin rai ba shaida ba ne. Ya umarce shi ya goge abin da ya rubuta, kuma ya rubuta gaskiyar magana a daidai wurin da ya rubuta ta farko, ba ya zo ya ba ni haƙuri a ɓoye ba. Na fara jin daɗi, sai ya juyo kaina.

"Kai kuma Ummaru, da girmanka. Shi ya ɓata maka suna, kai ka ɓata mashi kaya. Suna ya fi kaya tsada, amma kowa shi gyara abin da yaɓ ɓata."

Na ce, Allah shi gafarta Malam, dama abin da ya kawo ni ke nan.

Monita ta uku daga aljihuna ta fito, kuma kada ku tambaye ni yadda na yi. Wannan karon ban yarda da oda ba. Na naɗe bargona na sa a jaka na tafi Kano wurin wani dila, na ce ina son a buɗe mini kwali in gwada a cikin duhu kafin in ɗauka. Yaran shagonsa suka yi ta dariya ganin tsoho ya lulluɓe kansa da monita cikin bargo a tsakiyar kasuwa. Guda biyu ya yarda aka buɗe, na zaɓi wadda ta fi. Ita ma tana da nata, ɗan siriri kamar yatsa guda a kusurwar dama. Ban sa ta a but ɗin mota ba, a cinyata na riƙo ta tun daga Kano har Sakkwato, duk ramin da direba ya faɗa sai na ɗaga ta sama kamar mai riƙe da jariri.

Da na kai gidan, Malam ya ce shi ma yana son ya ga wannan aibi da ya ci wata biyu ana shari'a a kansa. Muka shiga ɗakin Mu'azu. Ya haɗa monitar, ya rufe taga, ya ja labule, ya kashe fitila, ya sa baƙin hoto. Mu uku muka tsaya gabanta. Malam ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ina abin yake. Mu'azu ya kai yatsa kusurwar ya nuna masa. Malam ya matsa kusa, ya ja baya, ya sake matsawa.

"Wanga abu," in ji shi, "an saye shi don a ga hoto, ko don a kashe hoto a zamna kallon duhu?"

Mu'azu ya kunna gem ɗinsa ya shiga kogon da yake magana, ya rage hasken kamar yadda na faɗa masa tun ranar farko, ya zaga ko'ina. Ya ce wannan ta yi. Gyaran maganar kuwa ya rubuta shi a guruf kamar yadda aka umarce shi, layi biyu. Tela ya nuna mini. Zargin ya zaga gari cikin yini guda, gyaran ban ji wanda ya tura wa wani ba. Malamin jami'ar nan bai dawo ba, na ji a wani shago ya saya.

Tun daga lokacin babu monitar da ke fita daga shagon nan sai mai ita ya shiga ɗakin baya ya kalle ta a duhu da idonsa, ba da waya ba. In ya ce ta yi masa, ya ɗauka. In ya ce ba ta yi ba, ya bar mini kayana tun ba mu ɓata ba. Wasu suna cewa na cika tsirfa, su tafi wani wuri. Su tafi. Kuma in wani ya kawo muku sabuwar monita mai yoyon haske ya ce ku buɗe, ku nuna masa maɓallin rage haske, ku nuna masa takardar garantinsa, ku sa hannuwanku a aljihu. Kwance noti kowa ya iya, ranar farko za ku iya. Sanin ranar da ba a kwancewa ne ya ɗauke ni shekara talatin, kuma kun ji yadda na yi da shi.

Mu'azu bai yi wata huɗu da monitar ba aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Abuja. Ta yi masa girman ɗauka, ya bar ta a gida tare da kwamfutar da yake haɗa ta da ita, ya sayi kwamfutar hannu. Ƙanwarsa ta ɗauko ta ta haɗa wa Malam a zaure, don idonsa ya fara gajiya da ƙananan rubutu, ta zuba masa hotunan tsofaffin littattafansa yana karantawa da manyan baƙaƙe. Makon jiya ya aiko a kira ni, wai na'urar tana da matsala. Na ce shi ke nan, an koma gidan jiya. Na kwashi mita da sukudireba na tafi, ina tunanin abin da zan ce in yoyon ne ya ƙaru.

Na same shi zaune gabanta, farin shafi ya cika allon.

"Ummaru," ya ce, "wagga aba ta ɗanka Mu'azu, haskenta bai isa ba. Ko da yadda za a ƙara mata?"

Na ajiye jakar kayan aiki, na kai hannu ƙasan monitar, na danna maɓallin har hasken ya ƙure. Ya ce yauwa, ya gyara tabarau ya ci gaba da karatunsa. Na tsaya kaɗan ko zai ƙara wata magana, bai ɗago ba. Na ɗauki jakata na nemi keken komawa Taramniya.